Babi na Uku

Dakta Manu ya ja jan biro a gefen shafi:
"Ina ra'in da ka ɗora aikin a kai?"
Na ari kyamarar sashe, batir biyu, ɗaya ba lafiya,
na hau motar Deba da sassafe.

Goggo Yelwa na gindin tsamiya,
ƙarfe a wuta, ƙwarya a cinya.
Na ce zanen nan alama ce,
akwai ma'ana a ƙarƙashin ma'ana.
Ta ce, "Matsa, ka tare min haske."

Kwana tara ina ɗauka.
Iska ta cika makirfo, akuya ta ratsa hoto.
Ran na goma ta karɓe kyamarar,
ta juyo min da idonta:
"To, kai ma faɗi. Uwarka a me take dama fura?"
Na ce a roba.
Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da ɗauka.

Yanzu ƙarfe biyun dare a Tudun Wada,
ɗakin tace hoto, janareta na tari.
Minti arba'in na hannunta,
minti ɗaya nawa:
fuska a karkace, baki buɗe, shiru.
Yatsana na kan maɓallin gogewa.

Littattafai sun ce mai kallo ma abin kallo ne,
sai da suka ci shafi sittin kafin su faɗa.

Na bar mintin.
Gobe in Dakta ya nemi madogara
zan rubuta masa a ƙasan shafi:
Yelwa, Deba, bana.