Tsatsar Ciki

Shekara talatin a Magajin ɗin Suame
ina kankare tsatsa a gindin mota.
Jiya Rahinatu ta dawo daga asibiti,
ta ce, "Baba, kai ma kana tsatsa.
Iskar da ke raya ka
ita ke gutsurar zaren halittarka,
hayaƙin walda na wasa mata haƙori."

Na ce, wa ke faci?

"Ƙananan makanikai, cikin kowace ƙwaya.
Ba barci, ba sidi ko ɗaya.
Su cire ruɓaɓɓe, su cike gurbi.
Amma suna tsufa. Wataran su tsallake ɗaya."

Sai na tuna Sahabi da tarinsa.

Yau na ɗaura ƙyalle a hanci.
Yaran gareji sai dariya.
Ku yi. Abokan sana'a nake ragewa aiki.