Cinikin Ƙoƙon Kai

Ranar da albashin farko ya shigo
na sauka Dilimi da niyyar sayen hon mai kiɗa
da fitilar nan mai ƙyafta shuɗi da ja
da samarin Gangare ke liƙa wa mashin.
Aikina allurar shanu, daga Jos zuwa rugagen Bokkos,
hanya mai kwana kamar hanjin akuya.

Davou na bakin shago yana ɓare gyaɗa.
Bai dubi aljihuna ba, kaina ya duba.
"Wannan fa, da me kake rufe shi?"
Na nuna hular ulu da Lantana ta saƙa mini.
Ya ce, "Ta yi wa sanyi. Kwalta ba sanyi ba ce."

Ya sauko da hular kwano uku.
Ta farko ja, tana sheƙi kamar tumatirin Farin Gada,
ga araha.
Ya matse ta da tafi biyu, ta lotsa kamar robar wanki.
"Wannan don idon ɗan sanda aka yi ta,
ba don dutse ba."

Ta biyu gwanjo ce, ta ƙetaro teku, ga nauyi.
Raina ya biya.
Ya ɗaga soson ciki: tsaga siririya kamar silin gashi.
"Ta riga ta mutu a madadin wani.
Hula ba ta mutuwa sau biyu."

Ta uku fara, ba ado, ta rufe har haɓa.
Na sa, kumatuna suka taru wuri guda,
muryata ta dawo mini kamar daga rijiya.
Ya ja maɗauri, ya cusa yatsa ƙarƙashin haɓata,
ya kama hular ya girgiza.
"In ta juya kai bai juya ba, ta wani ce."
Kaina ya bi ta.
Na ce nawa? Ya faɗa.
Sai da numfashina ya taka birki.

Na taya rabi. Bai ce albarka ba,
hannun riga ya naɗe.
Daga wuyan hannu har gwiwa fatar sumul,
ba gashi, launinta daban, kamar facin taya.
"Hawan Kibo, ana yayyafi, bana shekara tara.
Mai faɗuwa tafinsa yake fara miƙa wa ƙasa
kamar za su gaisa.
Ita kuwa ba ta iya gaisuwa ba."

Na ɗauki safar hannu ta fata, mai tauri a gaɓoɓi,
na dunƙule, na buɗe, na matsa birkin da babu.
Jaket ɗin ta fi ƙarfina;
ya tono wata tsohuwa, kafaɗa da gwiwa da soso,
zif ɗinta na gardama,
ya ɗora mini falmaran mai ɗaukar haske, kyauta,
"don mai tirela ya san mutum ne, ba inuwa ba."
Sannan ya sunkuya ya dubi silifas ɗina,
ya dubi idon sawuna, tsirara,
ya dubi jelar kaftanina da ke shafar sarƙa.
Bai ce komai ba. Na ji.

Na koma gida ba hon, ba fitila,
canjin da ya rage bai kai kuɗin mai ba.
Lantana ta karɓi hular ta juya ta,
ta ƙwanƙwasa da yatsa yadda take gwada tukunya a kasuwa,
ta kasa kunne.
Ta ce, "Wata mai zuwa, takalmi.
Labulen ɗaki ya jira."

Da asuba a Mararrabar Jama'a
gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi.
Na ɗaga gilashi kaɗan don numfashi ya fita,
kaftani cushe cikin wando,
akwatin allura ɗaure a baya.
Ba wanda ya waiwayo don jin kiɗan mashin ɗina.
Ƙafafuna kawai ke jin iska,
suna ƙirga kwanakin wata.