Yatsa Biyu

Tun daga gadar Kwalkwalawa nake jin ta,
kacau, kacau, tana marin murfinta
duk sanda na faɗa gargada.
Buhun albasa uku a bayana,
ni da ita har Mabera,
ban ce uffan ba, ita ke ta surutu.

La'asar sakaliya.
Rana ta sauka, amma bango bai daina huci ba,
kamar tukunyar da aka sauke yanzu.
Na ja mashin gindin dogonyaro,
na ɗora shi bisa ƙafar tsakiya,
tayar baya ta bar ƙasa, tana juyi a banza.

Kuluwa, miƙo mini gwangwanin nan.
Sufana sha tara, sufana goma,
buroshin haƙori da ya gama da baki,
da tsumman da a da rigar makarantarki ce.

Babban noti ya ƙi.
Na sa hannu, ya ƙi.
Na taka da dunduniya,
ya yi ƙara ɗaya, ya sallama.
Saura ƙananan biyu, dama da hagu:
rabin juyi nan, rabin juyi can.
Ka tauye ɗaya, taya ta karkace,
ta cinye gefenta kafin albasa ta ƙare a fadama.

Jabbi ya koya mini.
Mashin ɗin ma nasa ne,
har yau ramin da ke kujerar nasa ne, ba nawa ba.
"Yatsa biyu," yakan ce.
"Kak ka ɗaure ta tamau, sarƙa na son wurin numfashi."
Ga zanen da ya yi da ƙusa a jikin ƙarfe,
layi biyar, ba su ma miƙe ba.
Shekarar da muka kai shi makwanci
tana kan na biyu.

Na wanke ta da kananzir, gaɓa bayan gaɓa,
yashin Rima na zuba baƙi ƙirin a kan kwali.
Hau ki zauna, na ce, a auna ta da nauyi.
Kuluwa ba ta kai rabin buhu ba.
Ta kira ƙanenta, ya kira ɗan maƙwabta,
su uku suka yi layi a kujera,
ɗaya na murɗa hannu, yana kukan inji da baki,
wai sun kusa Illela.

Na danna da ɗan yatsa. Ta yi.
Na juya taya, na sake dannawa:
nan ta yi tauri, can ta yi laƙwas,
sarƙar da ta tsufa ba ta magana ɗaya.
Haƙoran baya sun fiƙe kamar ƙayar bagaruwa.
Maidamma bakanike ya faɗa mini kuɗin sabuwa tun watan jiya,
na yi dariya, shi bai yi ba.

Na duba zanen Jabbi.
Tana kan na biyar.

"Baba, in layin ya ƙare hwa?"
Ban san tana kallo ba.
Riƙe mini sufanar nan, na ce,
kar ki bari ta motsa.
Ta riƙe da hannu biyu, ta cije leɓe,
na ɗaure babban noti har kafaɗata ta amsa.

Na sassauta birki kaɗan, don ya biyo taya.
Baƙin mai a tsohuwar robar magani,
ɗigo, ɗigo, taya na juyawa,
har ƙarar ta koma raɗa.

An kira magariba ina cuɗa hannu da toka.
Tafi ya fita, ƙarƙashin farce ya ƙi.
Haka na yi alwala.

Gobe da asuba zan haye gadar nan,
ba kacau, ba mari,
daga ni sai iska da warin albasa.
Ban sani ba ko zan ji daɗin shirun.