Giram Ɗari Uku da Ashirin

A bayan tulin ƙirgi ta haihu,
cikin kwandon da nake zuba guntayen fata.
Huɗu ne, ido rufe, kunne liƙe,
kukansu kamar ƙarar sabon takalmi.
Shekara uku tana tsare min rumfa daga ɓera,
ban taɓa biyan ta ko dala ba.

Kwana ashirin, sai na ga abin da ban gane ba:
ciki ya cika tim kamar salka,
haƙarƙari kuwa a ƙirge, ɗaya bayan ɗaya.
Ni baduku ne, yatsana ya san fata,
ya san wadda ta ƙoshi, ya san wadda ake ci ta ƙarƙashi.
Gashi ya dushe. Dasashi ya koma alli.
Da asuba ƙaramin ya yi amai,
abin ya fito yana motsi,
fari, siriri, tamkar zaren da nake ɗinka jaka.

Maƙwabta ba sa rasa magani.
Wannan ta ce ruwan darbejiya,
ga ta nan ko'ina a Marwa, kyauta.
Wancan ya ce ragowar ƙwayar yaronsa, in ɓantari kwata.
Ɗan'asabe mai shago dariya ya yi:
mutum bai gama da nasa cikin ba, ya koma na mage?
Ban tanka ba. Na rufe kwando da tsumma,
na tsallaka Mayo Kaliyawo a ƙafa,
rairayi na gasa min tafin sawu,
kwando na kuka a hammata.

Astajam, likitar dabbobi ta Domayo,
ba ta tambaye ni dalili ba.
Ta juya kowanne a tafin hannu, ta ce:
kada ka ba su komai da ka,
a wannan girma, tsakanin magani da guba
ɗigo ɗaya ne.
Ta ɗora ƙaramin a sikeli.
Giram ɗari uku da ashirin.
Sukarin shayina na mako ya fi shi nauyi.

Na ce, ina suka samo tsutsa,
su da ba su taɓa taka ƙasa ba?
Ta ce, a nono.

Na daɗe ina kallon bango.
Ashe abin da ke raya ka
kan rako baƙo a ɓoye,
uwar ba ta sani ba, lasar su kawai take yi.

Sirinji marar allura, ta gefen baki,
sannu, kada ya shaƙe.
Uwar ma ta sha nata, ta bar min shaida uku a wuyan hannu.
Bayan mako biyu a sake, in ji likita,
sallama ɗaya ba ta korar wannan baƙo.
Na ƙona tsumma, na ƙona kwandon,
na kwashe kashi tun bai bushe ba,
na kafa wa Laure doka:
in kin taɓa su, sabulu kafin tuwo.

Ba ƙaramin ne ya tafi ba.
Babban ne, mai baƙin goshi,
wanda ban taɓa yi wa fargaba ba.
Na binne shi gindin katanga kafin Laure ta tashi,
na ce mata gaskiya da ta tambaya.

Yanzu kullum da hantsi ina shagon Ɗan'asabe.
Da kansa yake share garin shayi daga sikeli,
ya sa tabarau, ya duƙa,
ya kira lamba kamar mai shelar farashi:
ɗari huɗu da goma!
Jiya ya hana mai sayen shinkafa magana
har sai allura ta tsaya.

Da na dawo rumfa na tarar
an warware min zare, an tauna igiyar jaka,
aikin kwana biyu ya lalace.
Na ɗaga mai laifin da yatsa biyu, zan yi faɗa,
sai na ji ya yi nauyi.