Zaren Buhu

Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi hayaƙi ba.
Ina fitowa daga sallar asuba
na ga tabo ƙarƙashin ƙafar gaba ta hagu,
baƙi, faɗinsa bai kai faifai ba,
rairayin Sandamu ya riga ya sha rabi.
Na dangwala yatsa na kai hanci.
Man giya ne, da warinsa na baragurbi.

'Yar tarakta ce, bijimi biyu sun fi ta cika ido,
amma mu goma sha ɗaya muka haɗu kafin ta zo:
gyaɗar Ilu, ragunan Barmo,
kwasar adashin Hajo ta shekara guda.
Daren jiya ruwa ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya,
yau kuwa layi ya zo kan gonar Hajo.

Rabe ya ce, "Ƙara mata mai ka wuce, ai ɗigo ne."
Na ce da yayyafi kogi kan cika,
da ɗigo kuma tulu kan wayi gari ba komai.

Sada ya iso a kan keke, sufanu na kuka a bayansa.
Bai gaida kowa ba
sai da ya durƙusa ya leƙa ƙafar.
Muka ɗaga ta da jak,
muka tokare ta da tsohon turmin Hajo.
Noti shida. Biyar sun bi da arziki,
na shida ya kafe kamar mai bin bashi.
Ya zuba masa kananzir, ya ce a kawo shayi.
Kafin kofi ya huce, notin ya sauko.

Taya ta kwanta gefe.
Ya jera ƙarafa a kan buhu, kowa bayan ɗan'uwansa,
ya ce wanda ya fito ƙarshe shi zai fara komawa.
Man da ya zubo cikin kwano ba ruwan zuma ba ne,
toka-toka, laka ta shiga ta yi gida.
Sai ya sa tsinken waya ya jawo,
ya yi ta jawowa,
zare fari, siriri, na buhun taki,
ya nannaɗe ƙarfe ya cinye leɓen sil.

Na san buhun.
Ran Laraba na gan shi kwance a bakin kunya,
rana ta yi zafi, na ƙi sauka,
na bi ta kansa.
Sada bai ɗago kai ba.
Ya dunƙule zaren ya sa mini a tafin hannu.

Na hau mashin zuwa Daura, mataccen sil a aljihu.
Yaron shago ya gwada baki da baki, ya fito da biyu,
mai araha da mai tsada.
Kuɗin ƙungiya na mai araha ne.
Na cika sauran da kuɗin cefanen gidana,
ban nemi rasit ba.

Ya wanke boris da fetur, ya juya shi kusa da kunne,
ya ce wannan da sauran kwanansa.
Ya shafa giris da ƙaramin yatsa,
ya ɗora guntun bututu, ƙwas, ƙwas, yana zagayawa.
"Ba a dukan sil," in ji shi, "lallashinsa ake."
Muka ɗura mai har ya leƙo bakin rami.
Ya shimfiɗa takardar siminti a ƙasa,
ya ce mu tafi la'asar, ita za ta ba da shaida.

Muka dawo. Takarda na nan yadda take,
sai wata tururuwa da ke ratsa ta.

Hajo ta zo, na shirya kunnena.
Turminta kawai ta tambaya.
Na huɗa gonarta da fitila ɗaya,
ƙasa na buɗewa da ƙanshin danshi,
zaren na ɗaure a sitiyari.
Sau uku na sauka a daren nan:
leda, igiyar kaba, da wani abu
da ya zama inuwa ce kawai.