Bokiti Uku

Bokiti uku ne a majami'armu ta Wusasa,
duk damina da su ake sujada,
ɗis, ɗis, tsakanin addu'a da Amin.

Ran Lahadi aka zagaya da kwano
don a sayi kwanon rufi.
Baba Istifanus ya yi alkawarin buhun masara.
Rifkatu mai ƙosai ta kwance bakin zane,
ɗari biyar ɗinta har da ƙanshin man gyaɗa.

Ni idona na kan wani ɗalibi daga Samaru,
tsaye bakin ƙofa, feshi na dukan kafaɗarsa,
ba wanda ya san sunansa.

Na jefa kuɗin cefanen Talata,
gabana na faɗuwa.
Sannan na muskuta a benci,
na yafito shi: zo, akwai wuri.