Ƙidayar Sawu

Da asuba, a arewacin Minnesota,
kafin motar share ƙanƙara ta goge hanya,
nakan durƙusa da ma'auni a hannu
in karanta abin da dare ya rubuta.

Sawun kyarkeci huɗu jiya. Yau uku.
Uwar tana ɗingisa ƙafar hagu.
Na san ta tun ranar da muka ɗaura mata abin wuya mai rediyo,
ta farfaɗo daga allura tana lasar hanci,
ta dube ni kamar mai bin bashi.
A ofis lamba ce, ɗari biyu da sha bakwai.
Ni Toka nake ce mata, a zuci.

Maƙwabcina Eino Rautio bai gaishe ni ba tun kaka.
Maruƙa biyu ya rasa a bayan shinge.
Ya nuna mini saura, kai da kofato,
ya ce, "Solvei, sa wannan ma a littafinki."
Na sa.
Wanda aka ci wa maraƙi ba a rarrashinsa da lissafi.

Can birni takarda ke ta juyi:
bana a sa sunansu cikin waɗanda ba a taɓawa,
baɗi a cire,
alƙali ya maido, wani ya ɗaukaka ƙara.
Toka ba ta san tana cikin jeri ba.
Iyakar gandu kawai ta sani,
inda warin fadama ya ƙare
warin dizal ya fara.

Kakana ya karɓi lada a kan kunnuwansu
har daji ya yi tsit.
Tarkonsa na nan rataye a rumbu, ya yi tsatsa, baki buɗe.
Ga ni ina bin jikokin waɗanda suka tsere masa
da guntun fensir da yatsun da sanyi ya kashe.

Kwana shida ban ga na huɗun ba.
Na duba gefen titi, na duba inda hankaki ke taruwa.

Daren na bakwai waya ta yi ƙara.
Eino ne. Bai ce uffan ba,
sai na ji ya tura taga,
iska ta shigo, kukan ya biyo ta,
murya ɗaya mai kauri, biyu suka ɗauka,
sannan wata siririya, a makare, daga gabas.

"Huɗu ne," in ji shi. "Rubuta."
Ya ajiye waya.
Da safe na tarar ya ƙara wa shingen tsawo.